Muryar Ilu da Na Goge

Ku ukun nan kun taso kuna jin uwarku tana cewa akwai wani kaset da ya lalace a hannuna bisa kuskure, tun Hamza yana goye. Haka na gaya mata, haka kuma ta riƙe har ta koma ga Mahaliccinta, Allah ya jiƙanta. To, ba kuskure ba ne. Ni na goge shi da hannuna, ina sane, kuma sai da na zauna na shirya abin a tsanake. Na san da Larabci na rubuta wannan babin da kun fi saurin karantawa, don Hausarku ta tsaya a gaisuwa da neman abinci. Ku yi haƙuri ku yi ta tuntuɓe har ku kai ƙarshe. Da Hausa aka yi abin da ke cikin kaset ɗin, ba zan iya ba da labarinsa da wani harshe ba.

Kun san na yi aikin rediyo a Najeriya kafin in zo Madina karatu. Na bar ku kun ɗauka labarai nake karantawa, domin wannan aiki ne na masu babbar riga. Ban taɓa karanta labarai ba ko sau ɗaya. Ɗan wasan kwaikwayo ne ubanku, kuma muryar mace yake yi. A farkon shekarun saba'in muna da wani wasa duk ranar Laraba da yamma, na wani mai gyaran keke, Malam Jatau, da matarsa Lantana, wadda bakinta ba ya mutuwa. Abokina Iliyasu, wanda kowa ke kira Ilu, shi ne Jatau. Ni ne Lantana. Kullum wasan yakan buɗe da Jatau ya shigo gida yana cewa, "Lantana, ina tuwona?" ni kuma in ce, "Yana kasuwa, je ka ɗauko!" A lokacin, har a tashar mota za ka ji mutane suna jefa wa juna wannan magana. Ba wanda ya san fuskata, amma mata sun sha aiko wa Lantana da wasiƙa suna neman shawara a kan mazansu.

Wanda ya jefa ni cikin wannan wani Bature ne da aka kawo ya koya mana aiki na shekara biyu. Mai Lofe muke ce masa, don lofen ba ya barin bakinsa ko da babu taba a ciki. Mutumin Sikotlan ne, kuma in kana son ganin ɓacin ransa, ka ce masa Baturen Ingila. Shi ma ɗan wasa ne a ƙasarsu. Ya ce tun yana saurayi yake yi a rediyo, ya yi masunci, ya yi likitan ƙauye, ya yi limamin coci. Da talabijin ta zo aka riƙa ba shi ɗan sanda ko mai kanti, ya fito ya faɗi magana uku ya koma. Bai taɓa zama wanda ake rububin gani ba, kuma ba ya ɓoye hakan. Wata rana ya shigo ɗakin ɗaukar magana ya tarar ina kwaikwayon gwaggona don in ba Ilu dariya. Matar da za ta yi Lantana mijinta ya hana ta zuwa tun sati biyu. Ya cire lofen ya nuna ni da shi, ya ce da gurguwar Hausarsa,

"Kai ne matar. Gobe ka zo."

Na ce masa ni namiji ne, ɗan malamai kuma. Ya yi dariya har da tari, ya ce a garinsu duk lokacin sanyi yakan ɗaura zane ya hau dandali ya yi tsohuwa, yara da iyayensu suna ihu, kuma bai ga gemunsa ya zube ba. Shi ya koya mini kada in matse murya kamar mai shaƙewa, in saurari yadda mata ke jan numfashi kafin su yi faɗa. Shi ya koya wa Ilu ya daina ihu a gaban makirfo, ya yi magana kamar da mutum ɗaya yake yi a zaure. Ilu yana da wata murya mai kauri da ɗan gargada, kuma in zai yi dariya sai ya fara da tari ƙarami. Shekara huɗu muna tsaye kafaɗa da kafaɗa a gaban makirfo ɗaya, na san inda zai numfasa tun kafin ya numfasa.

A wancan zamanin ba a ajiye wasa. Faifan ɗaukar magana yana da tsada, da an watsa shiri sai a goge a ɗora wani a kai. Mai Lofe ya tsani wannan ɗabi'a, don a ƙasarsu ma haka aka yi masa. Ya ce ya fi shekara ashirin yana aiki, amma da ya nemi abu ɗaya da zai kunna wa 'yarsa, bai samu ba. Saboda haka ana saura kwana biyu ya tafi, ya kira mu ni da Ilu ya ba mu kaset guda. Ya kwafe wasanmu uku a ciki. A gabanmu ya sa wuƙar lofensa ya ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na bayan kaset, waɗanda in babu su rikoda ba ta yarda ta ɗauki komai a kai. Ya ce guda ɗaya ne, mu riƙa karɓa-karɓa. Ilu ya fara riƙewa, don shi ke da akwatin ƙarfe mai kwado.

Bayan nan na samu gurbin karatu na taho. Ba wanda ya kore ni daga wasa, ni na ga ya kamata in bari, kuma har yau ban ce na yi kuskure da na zaɓi ilimi ba. Kuskurena shi ne na ɗauka sai na binne Lantana da rai kafin a karɓe ni. A cikin ɗalibai 'yan Najeriya akwai masu zafi, waɗanda ko rediyo suka ji a ɗakin mutum sai sun yi masa nasiha, balle a ce ga namijin da ya yi shekaru yana kwaikwayon mace. Na tsayar da gemu, na rage wando, na rage dariya. Da na nemi auren uwarku Safiya, kakanku Ammi Bakur ya tambaye ni sana'ata a gida, na ce masa, "Aikin rediyo." Ya ce, "Ma sha Allah," bai ƙara ba. Ku ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Kakansa ne ya taho daga ƙasar Katsina da ƙafa, shi kuma a nan aka haife shi, ya yi rayuwarsa yana kula da gonar dabino a Awali, nan gefen Madina. Mutum ne mai ƙarancin magana, in ya kalle ka sai ka fara tuno laifinka. Ya ba ni 'yarsa, ya ba ni ɗaki biyu a gidansa na Ƙuba, ya riƙa gabatar da ni ga mutane da "surukina ɗalibin ilimi". Wannan sunan na fi tsoron rasawa fiye da komai.

A shekarata ta biyar a nan Ilu ya zo aikin Hajji. Bai aiko ba, sai dai ya yi ta tambaya a bakin Harami har aka kwatanta masa. Al'adar Ammi Bakur ce in alhazan ƙasarmu sun zo ziyara ya tara wasu a gonar bayan La'asar, a shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dabino, a kawo gahawa da ɗanyen dabino. Ina tsaye da butar gahawa a hannu, ga abokan karatuna biyu a zaune, sai na ga wani ƙato ya shigo ta ƙofar gonar da alhazai uku a bayansa. Ya tsaya, ya buɗe hannuwa, ya yi ɗan tarin nan nasa, ya ɗaga murya yadda har masu ban-ruwa suka juyo.

"Lantana, ina tuwona?"

Alhazan da ke bayansa suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Wallahi Jatau ne! To ina Lantanar?" Amsar ta zo har bakin leɓena, don shekara huɗu bakina ya saba, amma na haɗiye ta. Na ɗaure fuska, na ajiye butar, na miƙa masa hannu daga nesa kamar baƙon da ban taɓa gani ba.

"Ahlan wa sahlan, Alhaji. Tafaddal, ga wuri. Nan Madina ce, a riƙa sassauta murya."

Hannuwansa suna buɗe har lokacin. Ya dube ni, ya dubi Ammi Bakur, ya dubi gemuna, sannan ya sauke su a hankali. Ilu ba wawa ba ne, wawa kawai yake yi a rediyo. Ya durƙusa ya gaida Ammi, ya ce, "Baba, a gafarce ni, na ga ɗan'uwa ne na manta inda nake." Ya juya ga alhajin da ya yi tambaya ya ce Lantana tana gida Najeriya, an bar ta tana jiran tuwo. Aka yi dariya, magana ta wuce. Ya rufa mini asiri a daidai lokacin da na ci masa fuska, ya zauna ya sha gahawar da na zuba masa, yana ce mini "Malam Haruna", shi da bai taɓa kirana da komai ba sai Haru.

Kwana takwas suka yi a Madina, sau biyu kawai na je masaukinsu, kuma duk biyun ina duban agogo. Ranar da za su tafi ya rako ni bakin titi, ya ciro kaset ɗin daga aljihu, a naɗe cikin hankici.

"Mai Lofe ya mutu bara," in ji shi. "'Yarsa ta rubuto wa ofis. Na zo da wannan ne mu saurara tare mu tuna shi, amma na ga ba ka da sukuni."

Na ce karatu ne ya yi yawa.

"Na sani. Riƙe, juyinka ne, ya daɗe a wurina. Yarana sun fara ƙiriniya, kada su ja zaren. In na aiko ka ba ni." Sannan ya ce, "Haru, ba fa sata muka yi ba. Dariya muka ba mutane."

Na karɓa na jefa a aljihu ina waige-waige. Ko rungumarsa ban yi ba.

Na ɓoye kaset ɗin a bayan littattafai. Bayan kamar wata biyu na dawo daga jami'a da azahar, tun daga ƙofar gida na ji muryar Lantana tana tashi daga ɗakinmu, tana yi wa Jatau tas a kan kuɗin cefane. Na shiga na tarar da uwarku zaune a ƙasa, Hamza a cinyarta, tana dariya har hawaye. Ta gano shi ne tana share ƙura. Hausar ba duka take kamawa ba, amma hakan bai hana ta ba.

"Abu Hamza, min hadi? Wace ce wannan matar? Wallahi kamar innata, Khalti Zainab!"

Na ce wata ce a Najeriya, na kashe rikodar. Ta ce don Allah in bari ta kai wa Ummi, mahaifiyarta, su ji, ta ce rabon da ta yi dariya haka tun kafin ta haihu. Ba ta gane ni ba ne. Maimakon in ji daɗin cewa aikina ya yi kyau har matata ba ta gane ni ba, sai tsoro ya kama ni. Washegari na ji ta a tsakar gida tana ce wa ƙanwarta, "Yana kasuwa, je ka ɗauko!" suna ta ƙyalƙyala. Na lissafa: daga Ummi sai Ammi, daga Ammi sai alhazan da suka ji abin da Ilu ya kira ni a gona. Kwana biyu ina juya abin a raina.

A lokacin kowane ɗalibi yana da 'yar rikoda. Mukan kai ta gaban malami a ɗauki darasi, a dawo a yi ta maimaitawa, in an haddace a ɗora wani a kai. Na sa kaset ɗin Ilu, na danna jan maɓalli, ya ƙi shiga. Na manta da aikin wuƙar Mai Lofe. Nan ne ya kamata in tsaya, domin mutumin yana kabari amma ya riƙe mini hannu. Ban tsaya ba. Na fita har kantin wani Bayamane a bakin titin Ƙuba na sayo salatif, na yanka guda biyu, na liƙe ramukan da kyau, na gwada na ga ta ɗauka. Bayan La'asar na kai ta darasi. Malam yana babin zakkar raƙuma ne ranar. Da gefe ɗaya ya cika na juya ɗayan, don kada in bar komai. Ni da ban taɓa mallakar ko akuya ba, na shafe muryar abokina da bayanin raƙuma nawa ake fitar wa tunkiya. Da na dawo na ɓare salatif ɗin na jefar. Da uwarku ta kunna ta ji malam, na dafe kai na ce na ɗauki kaset ɗin ne a maimakon wani. Ta ce, "Khasara," ta yi kwana biyu tana jin haushi, ta kuma ba ni haƙuri don ta ga kamar na damu.

Ilu ya rasu kafin Hajji ya zagayo. Ciwon ciki ne na kwana huɗu. Ya bar matarsa Hajara da yara uku, ƙaramarsu Binta ko yaye ta ba a yi ba. Na ji labarin a bakin wani ɗalibi da ya dawo daga hutu a gida, na yi masa addu'a a Rauda, na ɗauka iyakar abin ke nan. Sai alhazai suka zo, wani ɗan unguwarsu ya kawo mini saƙo. A wancan lokacin wanda bai iya rubutu ba kaset yake aikowa, a ɗauki maganarsa a ba alhaji ya kawo. Na kunna ni kaɗai a ɗaki. Bayan gaisuwa da godiyar ɗawainiyar da ta ce na yi da maigidanta a Madina, wadda ban yi ba, Hajara ta ce,

"Malam, ya gaya mini akwai kaset ɗin wasanku a wurinka. Na aika gidan rediyo sun ce babu ko ɗaya da ya rage. Yaran nan suna tambayata, babban ma ya ce ya fara manta yadda yake magana. Don Allah a ba alhaji ya taho mana da shi, mu kwafa mu mayar maka."

Na ɗauko kaset ɗin na saurare shi daga farko har ƙarshe, gefe biyu, ko Allah zai sa wani ɗan guntu ya tsira. Babu. Na yi aikin da kyau. Na rasa wanda zan gaya wa, sai na tsinci kaina a Awali. Ammi Bakur yana kan tsani yana ɗaure nonnan dabino. Na tsaya a ƙasa na gaya masa rabin gaskiya: cewa ni ɗan wasa ne a da, ni ne matar da ke cikin kaset ɗin da Safiya ta ji, kuma kaset ɗin ya goge. Ya sauko a hankali, ya karkaɗe hannu.

"Ya waladi, ɗana, kana tsammanin zan ba mutum 'yata ban tambaya ba? Tun kafin a ɗaura aure alhazan Zariya suka gaya mini. Har wani ya kwaikwaya mini, bai iya ba." Ya ɗan murmusa. "Ni jira nake wata rana ka saki jiki ka ba mu dariya a gidan nan. Ranar da abokinka ya zo na ce to, yau ce. Sai na ga abin da ka yi masa."

Ya ce in rubuta wa matar in gaya mata abin da ya faru, khalas, shi ke nan, kada in bar ta tana jira. Na ce to. Ban rubuta ba. Na cika kwali da dabino mai kyau, na haɗa da dadduma da turare da 'yan riguna, na ba alhajin, na ce ya ce mata ina nan ina dubawa. Shekara ta zagayo, saƙo ya sake zuwa: kaya sun iso, an gode, kaset ɗin dai ake jira. Na sake aika dabino. Haka muka yi ta yi har wajen ƙarshen shekarun tamanin, ita tana tambaya cikin ladabi, ni ina amsawa da kwali. Kwalayen da kuke taya ni ɗaurewa kuna yara, kuna cewa Abuya, wato ni, mai zumunci ne, nasu ne. Daga baya ta daina tambaya, sai godiya kawai. Daga baya kuma godiyar ma ta daina zuwa, aka ce mini ta rasu.

Na so in ce muku a nan abin ya tsaya, amma akwai saura, kuma shi ya fi hana ni sakewa. Shekaru da yawa bayan haka, na riga na zama malami, na fito daga darasi da ɗalibai biyar ko shida suna biye da ni, sai wani mutum ya tare ni a harabar Harami ya ce matarsa tana son gaishe ni. Sun zo Umra ne. Ta matso, mace ce babba da goyonta, ta rusuna ta ce ita ce Binta 'yar Iliyasu. Goshinsa ne sak a fuskarta.

"Baba, ba maganar kaset na zo yi ba. Inna ta ce wataƙila ya ɓata ne kana jin nauyin faɗa, ta ce kada mu ƙara damunka. Ni dai ban san shi ba. Yayyena sun ce sun manta. An ce kai ka fi kowa sanin maganarsa. Yaya muryarsa take?"

Zan iya. Wallahi zan iya. Ba a taɓa yin wanda na iya kwaikwayo kamar Ilu ba, ɗan tarin da gargadar da inda yake jan numfashi, duk suna nan a maƙogwarona har yau da nake rubutun nan. Minti ɗaya ya isa in ba ta abin da uwarta ta yi shekaru tana roƙo. Na ji muryar ta taso. Sai na waiga na ga ɗalibaina a tsaye da littattafai a ƙirji, suna jiran su ji abin da Shaikh zai ce.

Na ce mata, "Murya ce mai kyau, 'yata. Allah ya jiƙansa."

Ta ɗan jira ko zan ƙara. Sannan ta ce amin, ta gode ƙwarai, ta gyara goyonta ta bi mijinta.